Mai Maida Kwanuka

An fito sallar azahar, amma kwano ko ɗaya bai shigo gidan ba. Salmatu ta leƙa zaure karo na huɗu, ta ga tabarmar da ake jera abinci wayam, sai ƙuda.

Shekara uku ke nan da ta buɗe gidan. Lokacin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan Bugaje da Mazanya, yara sun cika tashar bakin boda, suna kwana ƙarƙashin manyan motoci. Ita kuwa ta yi ritaya daga koyarwa, ga gidan marigayi mijinta ɗaki huɗu ba kowa, sai ta kwaso su. Akwai allo a ƙofa mai ɗauke da dogon sunan ƙungiya, amma wa ke karanta shi? Gidan Salmatu kowa ke cewa. Yara goma sha tara ne a ciki, kuma matan unguwa ke riƙe da cikinsu: gida ashirin da uku suka yi alkawarin kwano ɗaya kullum da rana. Kowace mace da alamarta a gindin kwanonta, wata jan farce, wata ɗigon fenti, wata zare a hannun murfi.

Mutum ɗaya ne ya san alamun nan duka, Kalilu, babban yaran gidan, ɗan shekara goma sha bakwai. Shi ke wanke kwanukan, ya ɗora a ka bayan la'asar, ya bi gida-gida yana maidawa. Bai taɓa kai na wata gidan wata ba, har matan na yi masa kirari.

To, abin da ya zame masa laifi ke nan. Shekaranjiya 'yan bindiga suka shigo unguwar, ba su tambayi kowa ba, suka wuce kai tsaye gidan Zunnuraini mai shagon taya, suka tafi da matarsa Safara'u. Tun jiya ake tambayar wa ya nuna musu ƙofa. Yau kuma aka sami amsa mai sauƙi: wa ya san kowane gida? Ga shi kullum ana ganinsa bakin boda yana tambayar direbobi yaushe suka taso, wa da wa suka ɗauko. Salmatu ta san dalili, uwarsa yake nema, wadda aka ce an ga mai kama da ita wajen Ɗan Isa, ƙetaren boda. Amma wa zai tsaya jin wannan? A garin nan, in aka kira mutum infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto, an gama da shi. Bara ta ga abin da ya rage na wani mai gyaran waya, har yau ba ta iya bin layin.

Lado direba ya yi sallama daga zaure, yana waiwaye. Ya ce samarin sintiri sun taru a rumfar mai faci, Zubair, wani ɗan unguwar, shi ne gaba, kuma da gora a hannun kowa. Ya ce motarsa za ta tashi Ɗan Isa da la'asar, in ta yarda ya biyo ta bayan gida, ya ɓoye yaron cikin buhuna.

"Malama, kada ki tsaya shawara. Wallahi ba su kai magariba."

Ta iske Kalilu a ɗakin ajiya, ya haɗa kai da gwiwa. Ƙananan sun yi tsit a tsakar gida, ko mai kukan yunwa babu, kuma shirun nan ya fi komai ba ta tsoro. Ta gaya masa maganar Lado. Ya ɗago ya dube ta.

"Inna, in na ƙetare, cewa za su yi gaskiyarsu ce. Kuma kanki za su dawo, ke da yaran ga."

Ita ma ta san haka ne, amma ta fi son a zage ta da ta wanke gawarsa. Ta ce ya tashi ya ɗaura kayansa, ba shawararsa ta zo nema ba.

Tana cikin ƙulle masa riga biyu a leda aka buga ƙofa. Ta tura shi bayan buhun gero, ta fita tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Tsohuwa ce a zaure, da sanda a hannu ɗaya, kwano a ɗaya. Hajiya Rabi'a, uwar Zunnuraini, wadda rabon da a gan ta a waje tun kafin azumi. Idanunta sun kumbura. Ta sunkuya da ƙyar ta ajiye kwanon a tabarma, ta ce ɗanwake ne, ba yawa, hannunta ya manta girki. Ta ce Safara'u ba ta taɓa fashin kwanon nan ba, ba za a fara don ba ta nan ba.

Salmatu ta fara jajanta mata, tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Shekara biyu yaron ga na tsayawa zaurena, bai taɓa ɗaga ido ya dubi tsakar gida ba. Ni ban san wanda ya cuce mu ba, Allah ya sani. Kwanona dai a aiko mini da shi ta hannun wanda ya saba kawowa."

Ta juya ta tafi a hankali, ta tsakiyar layi, inda kowa zai gan ta.

Kafin la'asar kwano shida suka biyo baya. Tabita matar malamin asibiti ta kawo nata da kanta, sauran kuwa ajiyewa aka yi a zaure aka gudu, ko sallama babu. Bakwai cikin ashirin da uku! Salmatu ta raba wa yara, kowa ya sami loma uku-huɗu. Kalilu bai ci ba. Ya jawo bokiti ya wanke kwanukan ɗaya bayan ɗaya, yana juya gindinsu yana dubawa.

Lado ya yi hon sau biyu a bayan gida. Salmatu ta dubi ledar kayan, ta dubi yaron da ya riga ya ɗora kwanuka a ka. Ta aika a ce wa Lado ya tafi, ta gode, sannan ta zura hijabinta ta bi bayan Kalilu.

Layin ya yi shiru suna fitowa. Mai rake ya daina fere. A rumfar mai faci samari suka miƙe, Zubair ya tako ya tsaya tsakiyar hanya, gora a kafaɗa. Kwanukan na ƙara a kan Kalilu, kowa na ji.

Ya tsaya. Ya sauke na sama, mai ɗigon koren fenti, ya riƙe da hannu biyu.

"Na Innarku ne, Yaya Zubair. In kai mata, ko ka karɓa?"

Zubair ya dubi kwanon. Na mahaifiyarsa ne, ashe ita ma ta aiko yau. A cikinsa ya ci tuwo tun yana ƙarami, ga ma lotsawar da ya yi masa a gefe. Samarin na jiran bakinsa.

"Ka taɓa ganin na karɓi kwano?" in ji shi, ba tare da ya dubi kowa ba. "Kai mata."

Ya matsa gefe kaɗan, daidai wucewar mutum ɗaya. Gorar tana nan a kafaɗarsa. Kalilu ya wuce, Salmatu ta bi shi, tana jin takun samarin a bayansu. Saura gida shida.