Wankin da Dona Quitéria Ba Ta Kai Ba

Ƙaurin gawayi ne ya fara tsallako katanga, sannan muryar Marluce ta biyo baya.

"Mama! Kashe kanki za ki yi? Wa ya sauko da ke daga gado?"

Dona Firmina ta dire kofin gahawarta. In Fada yana wa'azi a coci kunnenta ba ya aiki, amma in ana faɗa a gidan maƙwabta ya fi na zomo. Ta zura silifas, ta sunkuci ɗan kwanon da take zuwa aron gishiri da shi, kwanon da ya shekara arba'in yana shiga gidajen unguwar Rocas yana fitowa ba ko ƙwayar gishiri a ciki.

A tsakar gida ta tarar da su. Dona Quitéria, wadda likita ya ce zuciyarta ta gaji, kada ta ƙara ko ɗaga buta, tana zaune gaban tebur tana hura dutsen guga, numfashinta na fita kamar na tsohon zugazugi. Ƙafafun nan sun kumbura sun yi suntum. 'Yarta Marluce tana tsaye a kanta riƙe da ƙugu. A gefe kuwa, ga akwatin ƙarfen nan, a buɗe.

Firmina ta kusa sakin kwanon. Tun suna amare take son ganin cikin akwatin nan. Duk watan Yuli Quitéria kan kulle ƙofa yini guda, a ji ƙamshin sitaci da kafur, ba mai shiga. Da tambaya ta ƙi ci, sai Firmina ta cika akwatin da kanta: ta ce wasiƙun wani Ba'amurke ne na zamanin yaƙi, har da hotonsa. Maganar ta zaga garin Natal ta dawo mata da ƙarin zoben zinariya, ita ma ta yarda. Marigayi mijin Quitéria har ya koma ga Allah yana hararar akwatin.

Ta miƙa wuya ta leƙa. Riguna ne. Rigunan kaki na soja, a linke, sun koɗe sun yi launin biskit.

"Shi ke nan?" ya suɓuce mata.

"Shi ke nan, uwar gulma," in ji Quitéria. "Ajiye kwanon ƙaryar nan, ki zo ki riƙe mini hannun riga."

Tana guga tana hutawa tana ba da labari, ba ta kalli kowa ba. A shekarar alif ɗari tara da arba'in da uku tana da sha shida, tana bin uwarta wanki a bakin kogin Potengi. Sojan ruwan Amurka sun cika gari da jiragen samansu masu sauka a kan ruwa, waɗanda ke fita da bama-bamai farautar jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus. Uwarta ta ba ta mutanen jirgi ɗaya, su tara, ta ce naki ne. Ba ta iya karanta sunayen da ke wuyan rigunan ba, sai ta yi yadda masu wanki ke yi: kowa ta ɗinka masa alamar zare a cikin kwala.

"Ja, shugabansu ne, mai gashin baki kamar tsintsiya. Baƙi, bakanike, kullum maiko, shi ya cinye mini fatar hannu. Rawaya, kunnuwansa kamar marfin tukunya." Ta ɗago ta ƙarshe, mai faci a gwiwar hannu. "Kore, ƙaraminsu. Uwarsa ce ta yi facin nan. Ba ya tashi sama sai da ita a jikinsa, sauran har tsiya suke masa."

Wani mako a watan Yuli aka kwana uku ana ruwa, shanya ta ƙi bushewa. Ranar Alhamis Kore ya zo da gudu har bakin kogi, yana nuna gwiwar hannunsa, yana haɗa 'yan kalmomin da ya iya. Ta taɓa rigar, sharkaf.

"Uwata ta hore ni, ba a ba mai kaya jiƙaƙƙen kaya. Na ce masa gobe. Ya ce ba komai, ba ni haka. Na ɓoye ta a bayana, na ce gobe. Ya yi dariya ya tafi."

Da rana jirgin ya tashi. An ce sun ga jirgin Jamus sun sauko masa, shi kuma ya buɗe musu wuta. Ko ƙyalle ba a tsinta ba. Kwana uku tana zuwa ƙofar sansanin da ƙunshi a ka, har wani babba ya fito ya yi mata alama da hannu: tafi da su, ba masu karɓa.

"Na ce ko uwar wani za ta aiko. Na jira. Yanzu uwayen duk sun bi su, ni ma ga shi ana kirana. Shekara sittin ina wanki, ko hankici ban taɓa riƙe wa mutum ba. Ba zan je gaban Ubangiji da kayan mutane a ƙarƙashin gadona ba. Gobe zan kai."

"Kai ina, Mama?"

"Inda suke mana."

Marluce ta ɗora hannu a ka. Ta ce teku? Da wannan zuciyar? Ta ce in dole ne, Seu Benvindo mai kamun kifi ya tafi da su, ya zuba, ya dawo.

"Ba a aika wanki," in ji Quitéria. "Wadda ta karɓa ita ke kaiwa, ta miƙa wa kowa nasa. Benvindo ya san Ja ne ko ya san Rawaya?"

"To ba inda za ki. Ko zan kulle ƙofa in haɗiye makullin."

Ta shige ɗakin girki tana goge ido. Firmina ta bi ta, ta tsaya bakin ƙofa tana juya kwanonta.

"Marluce, ni na riƙe ki ranar baftisma, kika yi mini fitsari a sabuwar riga, ban ce komai ba."

"Kin faɗa wa duk unguwa, Dona Firmina."

"To kin san halina kenan. Uwarki tafiya za ta yi, ko a gado ko a ruwa, likitan ma bai ce za ta kai wata ba. In kika hana ta, da ido buɗe za ta mutu. Kuma wallahi daga nan har kasuwar kifi sai na ce ke kika hana. Zan ƙara da cewa sayar da rigunan kike so ki yi."

"Kai, ba ki da tsoron Allah!"

"Ina da shi. Amma ina da baki."

Marluce ta daɗe tana kallon tukunyar rogon da ke tafasa. Can ta ce, "Sai dai da ni za a je. Kuma da maganinta."

Washegari da hantsi Seu Benvindo ya iso da baronsa na kifi, ya wanke shi da sabulu, amma ƙarnin yana nan daram. Aka jera matasan kai a ciki.

"Dona Quitéria," ya ce, "na ɗauki manyan kifaye a baron nan, amma ban taɓa ɗaukar mai baki ba."

"Tura, tsohon banza. Da ka iya tuƙi da matarka ba ta gudu da direban bas ba."

Marluce ta so ta riƙe ƙunshin, uwar ta ƙi. Ta sa aka naɗa mata gammo da tsohon tawul, aka ɗora mata kayan a ka, ta dafe da hannu ɗaya. Haka suka gangara layin, tsohuwa zaune a baro da wanki a kai, wuyanta a miƙe kamar na budurwa. Mata suka fito ƙofa-ƙofa. Firmina tana gefe tana tafiya da taƙama, wadda duk ta tambaye ta sai ta ce, "Sai na dawo." Abin da ya fi mata daɗi kenan a duniya.

Kwale-kwalen Benvindo ya bi kogi, injinsa yana tari. Suka wuce gangaren siminti inda da ake jan jiragen saman daga ruwa, yanzu ciyawa ta fasa shi, wasu na shanya taru a kai. Quitéria ta bi shi da kallo. Da suka bar bakin kogi, ruwa ya fara ɗaga su yana saukewa. Firmina ta kama gefen jirgi da hannu biyu, ta kira duk waliyyan da ta sani, har da waɗanda ta daɗe tana gaba da su.

Leɓunan Quitéria suka yi toka-toka. Marluce ta sa mata ƙwaya a ƙarƙashin harshe.

"Seu Benvindo, tsaya nan, ya isa."

"Bai isa ba," in ji uwar, da ƙyar. "Wannan ruwan kogi ne, dubi launinsa. In ka zuba nan, gobe a tsince su a gaɓar Redinha. Sai ya yi shuɗi."

Benvindo ya dubi Marluce. Marluce ta dubi uwarta, ta ciji leɓe, ta ɗaga masa kai. Suka ci gaba har gari ya koma farin layi a bayansu, ruwa ya yi shuɗi kamar an zuba shuni. Ya kashe inji. Ya cire hularsa ba wanda ya ce masa.

Quitéria ta kwance ƙunshin a cinyarta. Ta buɗe kwala ta duba zare.

"Ja. Ga taka, shugaba, an sa sitaci yadda kake so." Ta ajiye ta a kan ruwa da hannu biyu, kamar a kan gado. "Baƙi. Maikon aljihu ya ƙi fita, ba laifina ba ne. Rawaya."

Ɗaya bayan ɗaya, tana hutawa tsakani, Marluce na tallafe da bayanta. Shuɗi, wanda ke waƙa ba murya. Fari, mai addu'a. Rigunan suka yi ta lilo a linke kafin ruwa ya buɗe su. Saura kore. Ta shafa facin da babban yatsa, ta ɗora rigar a kumatunta kamar yadda ake gwada shanya.

"To, ga ta," ta ce. "Ta bushe."

Ta sake ta. Rigar ta buɗe hannuwa a kan ruwa, ta ɗan tsaya, sannan ta yi ƙasa a hankali.

Firmina ta share hanci da gefen mayafi. Ta yi ƙoƙarin yin shiru, Allah ya gani ta yi ƙoƙari.

"Shekara hamsin da biyar kina busar da riga, kin zo kin jiƙa ta." Ta matso, ta rage murya. "Ƙawata, tsakaninki da Allah. Kin so shi?"

Quitéria ta jingina da 'yarta, ido a lumshe, tana murmushi.

"Cingam ya taɓa ba ni sau ɗaya. Ban san ba a haɗiyewa ba. Na kwana uku ina jiran mutuwa. Je ki faɗa."

Kwana huɗu Quitéria ta ƙara a duniya. Ta ci kifi da rogo, ta sa aka fitar da akwatin aka ba Benvindo ya zuba ƙugiyoyinsa. Ranar Talata da la'asar, Marluce na tsefe mata gashi, ta ce hannunta ya yi nauyi, ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba. Ba sai da aka rufe mata ido ba.

Firmina ce ta karɓi rigar da za a sa wa mamaciyar, shuɗiyar nan ta zuwa coci. Ta ce ba za a taɓa ta da dutsen guga na lantarki ba. Ta hura gawayi a tsakar gida, ta goge ta ciki da waje, mata na ta shige da fice da kujeru, ba ta tanka wa kowa ba, har wata ta tambaya ko lafiya.

Da ta gama, ta jawo gwangwanin ɗinkin Quitéria. Zare kala-kala a ciki, wasu sun kusa ƙarewa. Ta daɗe tana jujjuya su da yatsa. Ta waiga, ba mai kallo. Ta zaro koren, ta lasa bakinsa, ta kai shi kafar allura sau uku kafin ya shiga. Ta juya wuyan rigar, ta yi 'yar alama daga ciki, ta sunkuya ta datse zaren da haƙori.