Kwamitin Gyaran Bugun Darakta

Takardata ta neman canjin wurin aiki ta yi wata bakwai a kan teburin Darakta. Abin da na roƙa ba wani abin a zo a gani ba ne: a mayar da ni ƙaramar tasharmu ta bayan dutse, inda matata take koyarwa a firamare, tana fama da 'yarmu ita kaɗai, ga kuma tsohon ciki. Gurbi ɗaya tak ya rage a can, kuma babu mai so. A ma'aikatarmu ta magudanan ruwa, can ake jefa wanda ya yi laifi. Ni kaɗai na taɓa neman wurin da hannuna, shi ya sa abokan aiki suke gaishe ni a hankali, irin gaisuwar da ake yi wa marar lafiya.

Darakta ba mugu ba ne, yatsansa ne ya bar aikin ofis. Wani abokinsa na makaranta, wanda yake shugabantar wata ma'aikata a wani gari, shi ya koya masa wasan golf na waya. Kowace Laraba da ƙarfe biyu suke haɗuwa ta intanet, kowace Laraba kuma abokin yake lallasa shi, yana dariya ta cikin wayar har masinja a bakin ƙofa yana ji.

Wasan ba wuya. Ka ja yatsa a kan gilashin waya, sanda ta bugi ƙwallo, ta tashi sama ta faɗi kusa da rami. Wannan kam, Darakta ya iya shi, domin aikin ƙarfi ne. Matsalar tana bugun ƙarshe, lokacin da ƙwallo take taku biyu daga rami, sai an lallaɓa ta ta gangara da kanta. To, Darakta bai taɓa lallaɓa komai ba a rayuwarsa. Yakan auna ramin kai tsaye ya fizgi yatsa kamar mai korar ƙuda, ƙwallo ta wuce ta gefen rami ko kallonsa ba ta yi ba. Daga nan har Litinin ba a sa hannu a kan komai, kuma wanda ya shiga da fayil ya fito da shi haɗe da wa'azi.

Da abin ya ishi kowa, Mataimakin Darakta ya kafa kwamiti. A takarda sunansa Kwamitin Inganta Ayyuka na Musamman. Mataimaki ne shugaba, sai Shugaban Sito, sai Sakatariya, ni kuma aka ba ni rubuta bayanan taro saboda rubutuna yana karantuwa. Mun zauna sau tara. Tun zaman farko aka amince, ba tare da kowa ya faɗa ba, cewa hannun Darakta lafiya lau yake. Saboda haka aka binciki fanka, aka same ta da laifin kaɗa iska. Aka canza labule. Aka yanke ƙafar kujera inci guda, aka ga abin ya ƙara lalacewa, aka mayar da incin da katako. Shugaban Sito ya kawo shawarar a riƙa shafa wa babban yatsan Darakta hoda kafin wasa, kuma sai da aka yi. A ƙarshe Mataimaki, mutum mai son a gan shi a gaba, ya ce wayar ce ta tsufa. Da kansa ya je ya zaɓo sabuwa, ya miƙa ta da hannu biyu a gaban ma'aikata, har da ɗan jawabi. Larabar da ta biyo baya ƙwallo ta wuce rami kamar kullum, sai dai yanzu ana ganin wucewarta tar.

Wata rana na shiga kai rahoton kwamiti na tarar yana gwaji shi kaɗai. Na leƙa ta bayan kafaɗarsa. A kan ciyawar da ke kewaye da ramin akwai wasu 'yan kibiyoyi suna tafiya gefe guda a hankali. Shekara goma sha bakwai ina auna gangarar kwalbati, na san abin da suke faɗa tun kafin in yi tunani. Bakina ya riga hankalina.

"Ranka ya daɗe, ƙasar nan ta karkata hagu. A auna dama da ramin kaɗan, a kuma sassauta hannu."

Sakatariya ta daina buga na'ura. Darakta ya juyo ya dube ni tun daga takalmi, ya ce shi mutum ne mai tafiya kai tsaye, bai saba kewaye-kewaye ba, amma zai gwada don in ga wautata da idona. Ya auna dama. Ƙwallo ta tafi tana rangaji, ta lanƙwaso, ta faɗa rami.

Kafin a tashi aiki an ajiye mini kujera kusa da tasa. Na ɗauko tiren shayi na ɗiga ruwa a kai, na karkata shi, na nuna masa cewa ƙwallo ma haka take, ba ta san darakta ba, gangara kawai ta sani. Na koya masa ya ƙara ƙarfi in ramin yana tudu, ya rage in yana kwari, ya riƙe numfashi, ya ja yatsa kamar mai shafa wa jariri mai. Laraba uku a jere ya ci abokinsa. Fayiloli suka fara motsi, har wani da ya yi ritaya bara ya sami izinin tafiya hutu. Da na ga fuska a sake, na tuna masa da takardata.

"Bayan dutse?" in ji shi. "Ai can wurin masu laifi ne. Me ka yi mini da zan zalunce ka?"

A makon ne matata ta kira. Likita ya ce ta daina tsayuwa mai tsawo, ita kuwa ajinta yara sittin ne, kuma famfon gidan yana can ƙarshen layi. Ba ta yi ƙorafi ba, ta ce suna lafiya, in kula da cin abinci. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Na ajiye wayar na zauna a kan matakalar ofis ina jin kunyar kaina. A nan na yanke shawara: tunda sai mai laifi ake turawa, to zan yi laifi.

Dama ta zo da kanta. An shirya babban wasa tsakanin Darakta da abokinsa, tsofaffin 'yan ajinsu su ashirin suna kallo ta intanet. Aka rufe ofis ga jama'a, aka kashe fanka. Suka yi kunnen doki har rami na ƙarshe, ya rage bugu ɗaya. Kibiyoyin suna tafiya dama, ko makaho ya shafa gilashin zai ji. Darakta ya dube ni, na ce masa ƙasar ta karkata hagu, ya kuma ƙara ƙarfi. Ƙwallo ta bar ramin ta kama hanya kamar an aike ta. Dariyar mutum ashirin ta cika ofishin. Ni kuwa na fita na kwashe kayan teburina cikin kwali, zuciyata wasai.

Washegari takarda ta fito a allon sanarwa. An tura Mataimakin Darakta tashar bayan dutse nan take, bisa laifin sayo wayar da take nuna gangara a juye.

Na shiga ofishin ba sallama. Na ce wayar lafiyarta ƙalau, ni ne na faɗi ƙarya, da gangan, ina sane, kuma in aka sake ba ni dama zan maimaita. Darakta ya kalle ni, har na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya sa aka tara ma'aikata. A gabansu ya dafa kafaɗata ya ce su dubi amana, ƙaramin ma'aikaci yana neman ɗaukar laifin na gaba da shi, abin da bai taɓa gani ba tun da ya fara aiki. Ya ce muddin yana kan kujerar nan babu inda za ni. Aka yi tafi. Shugaban Sito ya rungume ni.

Ranar Litinin aka loda kayan Mataimaki a motar ma'aikata. Iyalinsa sun ce ba za su bi shi ba, yana tsaye da jaka ɗaya da jan ido. Na ba shi haƙuri, ya ce ba laifina ba ne, shi ma tun a shago ya ga kamar wayar tana da matsala. Na miƙa masa ƙunshin kayan jarirai ya kai wa matata, na kwatanta masa gidan: bayan makaranta, ƙofa shuɗiya, akwai igiyar shanya a gaba. Ya karɓa, ya ce in gode wa Allah da ba ni aka tura ba.

Motar ba ta kai bakin titi ba wayata ta yi ƙara. Matata ce, muryarta a sama kamar ta yarinya. Ta ce mai gadin tashar ya gaya mata an turo musu sabon ma'aikaci daga hedikwata, yau zai iso. Tun safe ta share ɗaki, ta yi wa 'yarmu kitso, ta ce in gaya mata ƙarfe nawa za su fito bakin hanya.