Kasuwar Da Ba Ta Ci Ba

Ƙarfe takwas ba ta cika ba, amma Muntaka ya kusa gama cin kasuwar Tungar Kalgo. Yana zaune a bencin mai shayi a tashar Sabon Birni, takarda a kan gwiwa, biro a baki, ƙafarsa ta dama tana ta rawa ita kaɗai. Gero, dawa da riɗi duk ya cike layinsu ba gardama. Layin wake ne ya tsayar da shi. Makon jiya ya rubuta naira dubu uku da ɗari biyar kwano ɗaya. Ya ƙara ɗari ne, ko ya bar shi yadda yake? Damina ta matso, wake kuwa hawa yake yi a irin wannan lokaci. Ya cire biron daga baki ke nan sai wayarsa ta yi ƙara.

Yayarsa ce Mairama, daga Unguwar Lalle. Rabon da sabis ya bari ya ji muryarta an fi kwana goma.

"Auta! Allah shi yi maka albarka. Jiya munka ji hwarashinka ga rediyo."

"Wane daga ciki, Yaya?"

"Na wake mana. Dubu ukku da ɗari biyat ga Tungar Kalgo! Nan ko dubu biyu da ɗari biyu ake taya muna. Malam ya ɗaure buhu biyu ga babur, tun da anka sallame asuba yat tahi."

Ƙafar Muntaka ta daina rawa.

"Yat tahi ina?"

"Tungar Kalgo mana, kana ji na kuwa? Ai can za ku gamu. Don Allah ka tsaya mai ga ciniki, ka san shi da kunya."

"To, Yaya," in ji Muntaka. Iyakar abin da ya fito daga bakinsa ke nan, kuma ya ji kunyar kansa tun kafin ya sauke wayar. Ya miƙe, takardar ta faɗi cikin ruwan wanke kofuna. Ya tsame ta ya cusa a aljihu, ya nufi babur ɗinsa, mai shayi na kiransa ya zo ya shanye abin da ya bari.

* * *

Shekara biyu ke nan da wata ƙungiya ta ɗauke shi aikin tattara farashin amfanin gona mai tsabta, wato wanda aka noma da takin dabbobi, aka kuma adana shi ba tare da maganin ƙwari ba. Kasuwa huɗu aka ba shi: Sabon Birni, Isa, Bafarawa da Tungar Kalgo. Abin da ya rubuta shi ake bugawa a takardar ƙungiya, a kuma karanta a rediyo duk Juma'a bayan la'asar.

Kwana uku aka yi ana koya musu aikin a Sakkwato, kuma ba wanda zai ce an ɓoye musu wani abu. Ka je da ƙafarka. Ka tambayi masu sayarwa uku, ba dillali ɗaya ba. Ka rubuta abin da aka biya, ba abin da aka taya ba. Ka ɗora kwanon awo a sikeli, don kwanon Isa ba shi ne na Bafarawa ba. A ƙasan kowane layi kuma akwai ɗan akwati da aka rubuta "Kasuwa ba ta ci ba". Matar da ta koyar da su har sai da ta buga tebur a kan akwatin nan, ta ce gara a bar wuri fayau da a cike shi da ƙarya. Muntaka ya tafa mata, ya ma fi kowa tafi.

Ya yi aikin tsakani da Allah har ranar da 'yan bindiga suka tare hanyar Tungar Kalgo, mako bakwai da suka wuce. A waccan Asabar ɗin, ranar kasuwar, ya juya daga mararraba, ya sa alama a akwatin, ya ɗauki hoton takardar ya tura. Ranar Litinin shugabansa Abdulrazak ya kira shi daga ofis.

"Malam Muntaka, masu ba mu kuɗi ba sa son ganin rami a rahoto. Kuma ka san tsarin, kasuwar da ba a cike ba, ba alawus ɗinta. Ba ka da wanda za ka kira a can?"

Yana da shi, wani dillali Na'Allah. Mako biyu Na'Allah yana karanto masa farashi ta waya. A na uku ya yi dariya ya ce, "Ni hwa na kwashe iyalina mun dawo Isa. Tungar Kalgo ko akuya ba ta kwana." Daga nan Muntaka ya koma bencin mai shayi. Ba shi ya fara ba. A bencin nan an ƙidaya yaran da ba a taɓa gani ba, an auna rijiyoyin da ba a haƙa ba, kowa ya sani, kowa ya sha shayinsa. Shi dai yana ce wa ransa lamba ce kawai, wa zai ji ciwo don lamba?

Abin da ya fi ci masa rai yanzu, yana tafe yana kauce wa ramuka, shi ne ranar wani suna a Unguwar Lalle, mako biyu baya. Malam Usaini, mijin Mairama, ya juyo a gaban mutane ya tambaye shi.

"Muntaka, ana ta cewa Tungar Kalgo ta watse, ga shi ko muna jin ta ga rediyo. Ta dawo?"

Ido ya fi ashirin a kansa, duk suna ganinsa ma'aikaci.

"Ana ci lahiya lau," in ji shi, ya kai loma baki.

* * *

Sau tara ya tsaya a hanya yana kiran lambar Malam Usaini, sau tara wata mata tana gaya masa ba a samun ta. In ya ƙara wuta sai yashi ya nemi kayar da shi, in ya rage sai ya ji kamar a tsaye yake. Ya yi ta ƙirƙiro wa kansa dalilai: wataƙila taya ta yi faci, wataƙila wani ya tare shi ya gaya masa, wataƙila yana can gindin wata bishiya yana jiran rana ta yi sanyi. Shi kansa bai yarda da ko ɗaya ba.

Waken nan ya san shi kamar shi ya noma. Shi ya rubuta sunan Mairama a ƙungiya. Ita ce ta ƙi maganin da kowa ke barbaɗawa, ta tankaɗe toka, ta daka barkono, ta cuɗa ta rufe a duro wata biyar, maƙwabta na yi mata dariya. Kullum in an taya sai ta ce a'a, auta ya ce wake mai tsabta yana da ranarsa. Da kuɗin za su sake rufin ɗakin da ke yoyo kafin ruwa ya sauka.

A mararraba ya tarar da Is'haƙa, tsohon da ke sayar da fetur a kwalba, yana kwashe kwalabensa tun hantsi.

"Baba, ko wani ya wuce da buhu biyu?"

"Mai hwarar hula? Ya wuce. Nic ce mai, bawan Allah, ina za ka? Ba kowa can. Yac ce mani ƙanen matatai ma'aikaci na, duk Asabat da ƙahwatai shika zuwa, kuma rediyo ba ta ƙarya." Tsohon ya tofar da yawu. "Ban san ko wane ɗan banza na ba. Ba a jima ba munka ji harbi biyu."

Muntaka bai gaya masa ko wane ɗan banza ne ba. Ya yi ta kai da komo a bakin hanya har azahar, sai da 'yan sa-kai huɗu suka yarda su shiga, ya bi bayansu.

Ba su kai kasuwar ba. Daga inda suka tsaya ana hango rumfunanta, rabi sun zube, ciyawa ta bushe a tsakaninsu. Babu babur, babu Malam Usaini. Sawun tayoyi da yawa sun yi gabas cikin daji. Buhu ɗaya ya tafi tare da su, ɗayan ya faɗi ya fashe, wake ya bazu cikin yashi, ga farar hula a gefe. Warin barkono ya sa ɗaya daga cikin 'yan sa-kan atishawa.

"Ba jini," in ji babbansu. "Da rai sunka tahi da shi. Mu koma, nan ba wurin tsayi ba na."

Muntaka ya durƙusa yana tara waken da hannu biyu yana zubawa a ragowar buhun, har da yashin. Suna yi masa tsawa bai ji ba. Ya duba abin da ke tafin hannunsa don sabo da aiki, ko ƙwaya ɗaya ƙwaro bai huda ba.

* * *

Mairama na tsakar gida tana shanya wanki ya shigo da buhu a ka, hula a hannu. Ta dubi hular, ta dubi buhun. Rigar da ke hannunta ta ci gaba da ɗiga a kan ƙafarta. 'Yarta Sadiƙa ta fashe da kuka ta shige ɗaki.

"Da rai," ya yi saurin cewa. "Yaya, da rai sunka tahi da shi."

Ta zauna a kan turmi. Sai da ta gama salati ta ɗago.

"Kai ina kake sa'ad da abin ga yaf faru? Ba tare kuke ba?"

Duk tsawon hanya ya shirya amsa, har guda uku, kuma kowacce za ta shige. Ya dubi hannuwanta da toka ta farfasa, sai ya ji ba zai iya ba.

"Ban tahi ba, Yaya."

"Yau?"

"Mako bakwai. Kasuwar ba ta ci."

"To hwarashin da anka karanta, wa yab ba su?"

"Ni. Ga tasha nike zama in rubuta."

Ya so ta zage shi, ko ta ɗauki muciya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta miƙa hannu ta karɓi hular, ta kakkaɓe yashin, ta ninke ta a cinya.

"Ya tambaye ka ran suna," ta ce. "Ina bayan zana, da kunnena nij ji."

Ya fita can bayan gidan inda sabis ke ɗan kamawa. Ya ciro takardar da ta bushe ta yi tauri, ya soke gero da dawa da riɗi, ya sa alama a akwatin nan da ƙarfi har biro ya huda. Ya tura, ya kira Abdulrazak ya gaya masa komai, bai rage ba.

"Innalillahi. Allah ya kuɓutar da shi," in ji Abdulrazak, kuma da gaske abin ya taɓa shi.

"Yallaɓai, a sanar ga rediyo kasuwar ba ta ci. A ce abin da anka karanta kuskure na."

Abdulrazak ya rage murya.

"Ka san in muka faɗi haka, sai mun janye rahoton mako bakwai? Wata mai zuwa ake sabunta mana yarjejeniya. Mutum goma sha huɗu ke cin abinci a aikin nan, Malam Muntaka, har da kai. Bari dai in duba."

* * *

Kwana shida Muntaka bai koma Sabon Birni ba, bai kuma iya zama wuri ɗaya ba. Ya je gidan mai gari, ya je wurin 'yan sa-kai, ya dawo ya tsaya bayan gidan da waya a sama yana neman sabis. Sau ɗaya mutanen dajin suka kira. Suka bari aka ji tarin Malam Usaini, suka ce za su sake kira.

Mairama ba ta kore shi ba, ba ta kuma yi masa magana. Ta sa Sadiƙa tana ajiye masa tuwo a bakin zaure. Ita kuwa tun safe take zama da faifai a cinya tana tsince yashi daga waken, ƙwaya ƙwaya, rediyo a gefenta a kunne ko za a ce an sako wasu.

Ranar Juma'a bayan la'asar kiɗan shirin ya tashi. Muntaka ya matso ya tsuguna nesa kaɗan da ita. Mai gabatarwa ya gaishe da manoma cikin fara'a, ya karanta Sabon Birni, ya karanta Isa, ya karanta Bafarawa.

"Sai kasuwar Tungar Kalgo, inda wake mai tsabta ke ci gaba da daraja. A wannan mako, kwano ɗaya naira dubu uku da ɗari shida."

Wani a ofis ya ƙara ɗarin da shi bai samu ya ƙara ba.

Hannun Mairama ya tsaya a cikin faifai. Daga bayan zana suka ji muryar maƙwabcinsu Lauwali yana kiran matarsa.

"Kin ji? Ashe ta dawo, har ta ƙara hawa. Ƙila tsautsayi na yag gamu da Malam. Hiddo muna buhunnan, gobe Asabat."

Mairama ta juyo ta dubi ƙanenta, karo na farko cikin kwana shida.

"Tashi ka hwaɗa mai," ta ce. "In ka gama ka bi sauran. Gida goma sha ɗaya ke da rediyo ga layin ga."

Ya fita ko takalmi bai tsaya sawa ba. A lungu ya tsaya yana duban ƙofofin, bai san wadda zai buga bayan ta Lauwali ba. Ta kan kowace katanga muryar nan ɗaya ce ke fitowa, tana maimaita farashin a hankali saboda waɗanda ba su ji da kyau ba.