Muryar Uwar Pipi

Shekara ashirin da biyu ina gadin zakunan teku, manyan dabbobin ruwan nan da ke fitowa tudu su haihu, a bakin ruwan garinmu, nan kudancin New Zealand, kuma babu mai kare a garin nan da ban taɓa yi masa tatas ba. Yara suna ce mini Gwaggo Rawinia mai allo, saboda allunan da nake kafawa a bakin titi, masu cewa a rage gudu, uwa na tsallakawa. Su faɗi abin da suka ga dama, oho dai.

Namijin zakin teku ɗan yawo ne, yau nan gobe can. Mace kuwa inda aka haife ta nan take dawowa ta haihu. Bakin ruwan da ya rasa 'ya mace ya mutu ke nan, ko da ƙattin maza sun cika yashi. Hoiho, tsuntsayen nan masu rawayan ido da ba sa tashi, da idona na ga ƙarewarsu a nan. Zakuna mata kuwa biyu suka rage mana: tsohuwa Kahu, wadda maza kawai take haifa, sai Huia. A Disamban bara, lokacin da mu a nan muke tsakiyar zafi, Huia ta tsallaka titi ta shiga cikin itatuwa, ta haifi mace a gindin wani tsohon itace da iska ta kayar. Na sa mata suna Pipi.

Uwa takan tafi teku neman abinci kwana biyu ko uku. In ta dawo sai ta yi kira, wani gurnani mai kama da na saniya, 'yar ta amsa da kukan ɗan akuya. Cikin uwaye ɗari, 'ya ba ta ɓata muryar tata. A kan wannan ne Dakta Elspeth, wata siririyar yarinya daga jami'a, take bincike. Ta ɗauki muryar Huia a rikoda har sau bakwai.

Pipi tana da sati shida ƙanena Tipene ya zo ya same ni ina gyara allo. Tsohon masunci ne, bakinsa ba ya shiru, amma ran nan hularsa na hannu.

"Yaya, ajiye gudumar nan."

"Me ya faru?"

"Huia ce. Ruwa ya kawo gawarta bayan duwatsu. Sawun raga duk a wuyanta."

Na zauna daɓas a ƙasa. Na zagi mai ragar da ban sani ba, na zagi jirginsa, na zagi Tipene da ya taɓa zama masunci. Ya bar ni na gama.

Dakta Elspeth ta ce babu wata madarar kwalba da za ta raya Pipi har yaye, kuma doka ma ba ta yarda a ɗauke ta ba.

"To mu zuba mata ido ta mutu?"

"Gwaggo, saura hanya ɗaya. Maraya kan yi satar nono. In Kahu na barci, sai Pipi ta lallaɓa ta gefen ɗanta ta sha. Wani lokaci uwar takan gaji da kora ta ƙyale. Amma sai 'yar ta fid da rai da uwarta, ta bar wurin jira."

Kwana huɗu Pipi tana kuka a gindin itacen. A na biyar yunwa ta kore ta, ta nufi inda Kahu take. Kahu ta cafe ta ta yi jifa da ita. Ta dawo, aka sake jifa da ita. Tipene yana leƙe da tabarau mai hangen nesa yana ta dariya.

"Yaya, wannan jininki ce. Taurin kai sak!"

"Rufe mini baki, tsohon banza."

Rana ta bakwai muka gan ta manne a cikin Kahu, ita da ɗan Kahu gefe da gefe, tsohuwar ta rufe ido kamar ba ta sani ba. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Tipene ya zuba mana shayi daga fulas, muka ci soyayyen burodi a kan dutse. Dakta ta koma birni koyarwa na sati guda, ta bar mini jakar kayanta.

Sai Kahu ta sauya wuri, kamar yadda suke yi. Na tashi da safe babu ita, babu ɗanta, babu Pipi. Na bi ciyayi, na bi ramuka, na duba ƙarƙashin gada. Kwana uku ban ga ko sawu ba. Zuciyata ta dinga raya mini kare, ta raya mini mota, ta raya mini ƙaton namiji ya danne ta.

Rana ta huɗu na ɗauko rikodar daga jakar Dakta.

"Me za ki yi da wannan?" in ji Tipene.

"Sau ɗaya kawai. In tana raye za ta amsa, in ji, hankalina ya kwanta."

"Yaya, bari Dakta ta dawo tukuna. Garin gyaran gira kada a rasa ido."

"Kai da ka ƙare rayuwarka kana kashe kifi, yau kai za ka koya mini dabba?"

Ya biyo ni a baya. Na je gindin itacen Huia, na ajiye rikodar, na danna.

Muryar ta cika dajin. Can daga nesa, wajen bakin rafi inda ban duba ba, na ji kukan ɗan akuya. Tana raye! Na juyo ina yi wa Tipene gwalo. Kukan ya yi ta matsowa, sai ga Pipi ta ɓullo daga ciyayi, ɓul-ɓul da ita, cikinta taf da nonon Kahu, tana gudu tana faɗuwa. Ta wuce ni ta je ta sa hanci a kan rikodar. Ta zagaya itacen, ta dawo ta sake shinshinawa. Na kashe. Ta ɗaga kai ta yi kira, ta saurara.

Daga nan ta kwanta a daidai gurbin da aka haife ta. Uwa ta yi kira, uwa ta dawo, 'ya kuwa a nan take jiran uwa.

"Za ta koma da yamma," na ce.

Ba ta koma ba. Washegari ma tana nan. Na buga wa Dakta waya na faɗa mata abin da na yi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ga ni nan zuwa, Gwaggo." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka sa Pipi a buhu muka kai ta bakin rafi, kusa da Kahu. Kafin mu kai mota, Pipi ta riga ta koma gindin itacen. Sau uku muna yi. Na ce to a kunna muryar a gefen Kahu, ta ja ta can. Dakta ba ta so ba, amma ba ta da wata dabarar. Pipi ta biyo mu, sai dai rikodar take bi, ko kallon nonon ba ta yi ba. Kahu kuwa da jin gurnanin wata mace a kanta ta miƙe a fusace, ta tasa ɗanta gaba suka faɗa ruwa. Ba mu sake ganinsu ba.

Kwana goma sha ɗaya Pipi ta yi a gindin itacen. Kullum ina zuwa in zauna daga nesa in kori karnuka, aikin da ya rage mini ke nan. Fatarta ta saki, haƙarƙarinta ya fito. Tun tana kira da ƙarfi har ya koma sai dai ta buɗe baki. Na tsani hannuna, na tsani shekara ashirin da biyun da suka sa na ɗauka na san komai.

Ranar ƙarshe da hantsi Dakta ta duba ta, ta girgiza kai. Tipene ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya miƙo mini rikodar.

"Kunna mata, Yaya."

"Ka haukace? Ita ce ta kashe ta."

"Na sani. Yanzu kuma me zai ɓaci? Kada ta tafi tana jira."

Na kalli Dakta, ta kau da kai. Na rarrafa na ajiye rikodar a gefen kan Pipi, na danna. Huia ta yi kira. Pipi ta buɗe ido, ta ɗaga kai da ƙyar, ta amsa da wata 'yar murya, sannan ta ja jiki ta ɗora haɓarta a kai. Na yi ta maimaita mata har Dakta ta dafa kafaɗata ta ce ya isa.

Bana Disamba ta zo, Kahu ba ta dawo ba. Dama ta tsufa. Maza uku suna kwance a yashi suna ta minshari. Jiya na roƙi Tipene ya kawo motarsa, muka bi titi muna tuge allunan ɗaya bayan ɗaya. A wajen na ƙarshe wata mata ta tsaya da karenta, ta tambaye ni ko yanzu za ta iya kwance masa igiya.

Na ce ta kwance.