Tsawar Gummi a Gidan Gem

Duk faɗin ƙasar Gummi, ka haɗa da Bukkuyum, ka zarce har garin Anka, babu mahaluƙin da ya riga ni ganin mutum na wasa da kwamfuta. Ni Namadi, wanda anka sani da Tsawar Gummi a fagen dambe, ni na fara gani. Ba a daɗe da yanke Zamfara daga Sakkwato ba na kai fatu Gusau, ruwa ya kora ni cikin wani ofis, na iske akawu ya ƙura wa gilashi ido yana jera karta, alhali babu karta ko ɗaya a hannunsa. Da na dawo na ba da labari a rumfar mahauta, sai sunka ce rana ta bugi Namadi. Ni da agana ta kama ina yaro ta gaji ta sake ni, ni da motar hatsi ta kife da ni a gangaren gulbi na fito ina kakkaɓe riga, wai ni rana za ta buga.

Sai da shekaru sunka ja, Shafi'u ɗan ƙanena ya buɗe gidan gem kusa da tasha, da janareto da kwamfuta biyu, sannan bakin kowa ya mutu. Na shiga ranar farko na ce wa samarin su matsa, mai abu ya zo.

Duk wasannin da ke cikin akwatin nan na taɓa su, kuma zan faɗi ra'ayina ko wa zai ji haushi. Wasan karta na malalata ne, masu jiran a tashi ofis. Wasan jera tubali aikin magina ne ba lada, kana gama layi ya ɓace, wa ya taɓa gina ɗaki haka? Wasan ƙwallo kuwa rashin kunya ne zalla. An ce 'yan wasan naka ne, ka tura mutum gabas ya nufi yamma, ka ce ya buga ya tsaya yana kallonka. Da yarana ne da na sallame su tun kafin la'asar. Wasan tseren mota ƙarya ce tsirara: ka daki bango, mota ta yi adungure, sannan ta miƙe ta ci gaba, ba jini ba salati. Wanda ya ƙera shi bai taɓa kifewa ba, ni ya kamata ya tambaya. Na harbi kuma ban ko son a yi mini zancensa. An bindige ka, an ce kana da sauran rai a ajiye. Wane rai? Ɗaya Allah ya ba kowa.

Wasa ɗaya ne na gaskiya, wasan faɗa. Mutum biyu a fage, turmi-turmi kamar dambe, wanda ya kai ƙasa an kashe shi. Akwai wani ƙato a ciki mai jan ɗankwali ɗaure a goshi da ƙirji kamar turmin daka, ina ganinsa na ce wanga nawa ne.

Shafi'u ya ce, "Baba, kai ba za ka riƙa fad ɗin da yara ke jagwalgwalawa ba. Ga naka na musamman." Fad shi ne abin da ake riƙewa da hannu biyu ana danna maɓallansa, wayarsa ta tafi bayan tebur. Ya miƙo mini wani baƙi da anka naɗe gefensa da salatif. Na ɗaura masa layar da nake sa wa a damtse zamanin da nake shiga fage. Tun daga ranar ƙatona bai ƙara kai gwiwa ƙasa ba.

Ku ji yadda nake yi. Ba na kallon maɓalli, ɗan dambe ba ya kallon hannunsa. Idon abokin karawa nake kallo a gilashi, in ja numfashi, in danna da zuciya. Sai ka ga ƙatona ya tashi sama ya sauko da ƙafa a wuyan mutum. 'Yan kabu-kabu, 'yan sakandare, har wani ɗan sanda, duk na shimfiɗe su. Shafi'u kullum yana bayanmu a kan benci, hannuwansa cikin babbar riga, wai iskar fanka ke sa masa ciwon gaɓɓai. In ba ya nan, ba a kunna mini wasa. Ya ce girmamawa ce, ba ya son a yi mini rashin kunya a bayan idonsa. Na ce yaron kirki, ya gado ubansa.

Sai Rabe ya shigo cikin lamarin. Rabe shi ne makaɗina tun muna samari. Duk fagen da na shiga, daga Gummi har bakin iyaka, kalangunsa ke gabana. Shi ya yi mini take, kuma wanda ya san dambe ya san take ba abin wasa ba ne: naka ne kai kaɗai, in an buga shi ko kana kan gadon ciwo sai tsikarka ta tashi. Tun da na ajiye dambe kalangun ke rataye a zaurensa. Ranar wata kasuwa ina cikin dukan wani yaro sai na ji shi a bakin ƙofa: Tsawa ba ki sallama, Tsawa ba ki sallama. Wallahi sai da maɓallan sunka jiƙe da hawayena.

Daga nan abin ya zama biki. Duk ranar kasuwa gidan Shafi'u ba masaka tsinke, har ta taga ake leƙe. Mutanen Gwashi su sayar da awakinsu su tsaya kallon tsoho mai kashe samari. Sunana da ya kwanta shekara da shekaru ya tashi. Yaran da ba su taɓa ganin dambena ba sunka koma gaishe ni da Tsawa. Ni kuwa ban da gona mai yawa, ban da shanu, ban yi boko ba, ban yi allo mai nisa ba. Sunan nan shi ne dukiyata.

Ana nan sai saƙo ya zo daga garin Anka. Wani mai gidan gem, Abdussamad, ya ce yana da ɗan kabu-kabu mai suna Manu wanda ba a taɓa kashewa ba, in Tsawa namiji ne ya zo. Na ce a gaya musu ina tafe.

Shafi'u ya ce, "Haba Baba, su su zo mana. Babba ba ya bin yaro."

Na ce, "Kai, rufe mini baki. Ɗan damben da ke kisa a ƙofar gidansu kaɗai, zakaran tsakar gida ne."

Na je wurin Rabe na ce ya ɗaure kalangu. Ya kama gwiwa yana yamutsa fuska.

"Tsawa, ƙafar nan ba ta kai ni Anka. Kuma mi za ka nema can? Garin da ko hura mai kyau babu."

"Kai da ka bi ni a ƙasa har Bagega da ƙaya a dunduniya?"

"Wancan zamani daban. Ka zauna gida, don Allah ka zauna."

Na ɗauka tsufa ne ya mayar da shi matsoraci. Da safe na biya gidan gem, na iske Shafi'u ya tafi sayen fetur ya bar ƙofa a buɗe. Ɗan dambe ba ya shiga fage da zaren wani a hannunsa, nasa yake ɗaurawa. Don haka na ɗauki fad ɗina na jawo wayar daga bayan tebur. Ta biyo ni salin-alin, ƙarshenta da ɗan ƙulli. Na ce ashe masu kwamfuta ma haka suke ƙulle wayarsu, kamar zaren dambe. Na naɗe shi cikin rawani na hau mota.

Na iske gidan Abdussamad ya cika har titi. Manu wani siriri ne kamar karan dawa, yana tauna rake. Ya ce, "Baba, ka yi sallama da iyali dai ko?" Na ce, "Yaro, tofar da raken nan, kada ka haɗiye shi da haƙoranka." Wuri ya ɗauki sowa. Da yake ba makaɗi, na yi wa kaina kirari, na kwance rawani na miƙa wa Abdussamad fad ɗina ya haɗa.

Ya bi wayar da yatsa har ƙarshe. Ya juya ta. Ya dube ni.

"Baba, ina kanta?"

"Kan mi?"

"Kan da ake sokawa jikin kwamfuta. Wagga waya a yanke take. Dubi, har ta yi tsatsa. Wanga fad ya daɗe da mutuwa."

Na ce, "Da shi na kashe Gummi kaf."

Wani daga baya ya ce, "To aljani ke buga maka!" Dariya ta tashi. Abdussamad, Allah ya saka masa, bai yi dariya ba. Ya ɗauko nasa ya soka a gabana ya ba ni. Na ɗaura laya, na zaɓi ƙatona mai jan ɗankwali, na ja numfashi, na danna da zuciya yadda na saba.

Ƙatona ya tsuguna. Na ƙara dannawa, ya miƙe ya yi tsalle a inda yake. Ya juya yana naushin iska, ya sake tsugunawa kamar mai zawo. Manu ya tako a hankali ya share shi da ƙafa ɗaya. Turmi na biyu ko taɓa shi ban yi ba. Wani yaro ya faɗi ƙasa don dariya, wata mai ƙosai ta ce a ba tsoho ruwa.

A mota ina dawowa na fara haɗa zance. Hannuwan Shafi'u cikin riga. Tabarmar da ke shimfiɗe daga bencinsa zuwa tebur, wadda ba ya bari a ɗaga ko za a yi shara. Ciwon gaɓɓai ga mutumin da ke ɗaukar janareto shi kaɗai. Tun kafin mu wuce mararrabar Bukkuyum na gane wanda ke riƙe da fad mai rai.

Ban nufi wurin Shafi'u ba. Shi ɗan kasuwa ne, ya ga tsoho mai jawo jama'a ya yi abin da 'yan kasuwa ke yi. Zauren Rabe na nufa. Na iske shi tsaye garau yana gyaran tsarkiyar kalangu, gwiwa lafiya lau. Na jefa masa fad ɗin a gabansa.

"Tun yaushe ka sani?"

Bai ɗago ba. "Tun kafin in ɗauko kalangu."

"Wa ya sani kuma?"

"Mahauta. 'Yan tasha. Kusan duk mai zama kusa da bencin."

"Wato ni kaɗai ne baƙo a bikina."

"Namadi, ka saurare ni. Kafin abin nan ya zo, mi kake yi? Kana zaune a rumfa kamar buhun da anka zazzage, ƙuda na bin ka ba ka kora. Na ga ka miƙe, ka koma aske gemu, ka koma taku irin na da. Na ce mi ya yi saura? Take. Na buga maka."

"Shafi'u ka buga wa."

"Kai na buga wa, wallahi."

"Wa ke kisa sa'ad da kake bugawa? Ka ɗauki taken da na saya da haƙorana biyu da karayar haƙarƙari, ka buga wa yaron da ke ɓoye hannu cikin riga. Kuma ka bar ni na hau mota. Kalma ɗaya, Rabe. Da ka ce mini wayar ba ta da kai."

"Na ji tsoron fuskarka."

"Ka gwammace mutanen Anka su gan ta."

Na ce masa daga yau na karɓe takena. Kada ya ƙara buga shi a biki, ko a suna, ko shi kaɗai a ɗaki, ko bayan raina. Wanda ya san sha'anin makaɗa ya san abin da wagga magana ke nufi. Ya zauna a ƙasa ya rungume kalangun, na fita ban waiwaya ba. Ya aiko dattawa, ya aiko limamin unguwa. Na gaya musu gaisuwar Musulunci tana nan tsakaninmu, amma take ya tafi.

Labari ya riga ni isowa gida, kun san halin mota. Yaran da ke ce mini Tsawa sunka koma kirana Baba Ba-Kai, wasu har suna tsugunawa su yi tsalle in na wuce. Abin da ya fi ƙona mini rai, sai ga masu cewa wataƙila damben ma haka anka yi, wataƙila biyan mutane ake su faɗi. Damben da na yi da jinina, a gaban dubban idanu.

Na tattara na koma Bukkuyum wurin ɗiyata Saratu. Akwai wani ɗan gidan gem bayan kasuwa, kwamfuta ɗaya, ba kalangu ba 'yan kallo. Nan nake zuwa da hantsi. Na sa mai wurin ya nuna mini wane maɓalli ne naushi, wane ne ƙafa, wane ne karewa, abin da Shafi'u bai taɓa nuna mini ba. Na sha kisa, ba zan ɓoye ba, yatsun tsoho ba sa jin magana da wuri. Amma ƙatona ya daina tsugunawa. Kwanan baya na shimfiɗe wani ɗan tireda turmi biyu a jere, kuma kafin mu fara sai da na bi wayar da hannuna har inda ta shiga.

Ina jin masu cewa shi ma ɗan tiredan tausayi ya ji. To mai wannan magana ya zo Bukkuyum ranar kasuwa. Ya zo da fad ɗinsa, ya soka nawa da hannunsa, ya ɗaga duk tabarmar da ke ɗakin, ya sa kowa ya tuɓe riga ya ɗora hannu a ka. In Manu ne ma ya zo da rakensa. Ina nan zaune kusa da ƙofa, in akwai namiji ya shigo ya zauna.