Matakala ta Bakwai

Ranar Talata matata ta faɗi a matakala ta bakwai da kwandon wanki a hannu. Kafin a kai ta mota rai ya yi halinsa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aiki a ɗakin karatu, kuma babu littafin kiwon lafiya a kantocin nan da ban buɗa ba. Shi ya sa da gwiwarta ta hagu ta fara ciwo ban ga abin kai mu asibiti ba. Na zaunar da ita na yi mata lacca: guringuntsi ne ya cinye, ga shekaru, ga jiki, ga hawa bene sau goma a wuni. Magani ruwan zafi, tausa, da rage loma.

"Sannu, likitan takarda," in ji ta. "Allah ya sa ba a shafi na gaba maganin yake ba."

Dama gwiwar tana da 'yar ƙara, ƙas, duk sanda ta taka. Daga kujerata nake ƙirga hawanta. A ta bakwai take tsayawa ta huta.

Sai ciwon ya koma bayan gwiwa, sharaɓa ta kumbura ta ɗau zafi. Ta ce wannan ba irin na da ba ne. 'Yarmu ta bugo waya ta ce a kai ta a duba. Na ce mata uban da ya koya mata karatu bai mutu ba tukuna. Kwana tara ina gasa wurin da tawul, ina murza shi da ƙarfi, don na karanta cewa tausa na sakin jijiya.

Likitan da ya duba gawar ya ce jini ne ya daskare a jijiyar bayan gwiwa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Ya tambaya ko wani ya riƙa matsa wurin. Na ce a'a. 'Yarmu ta dubi hannuwana.

Bana tawa gwiwar ta kama. Likitan ƙashi ya jera mini hanyoyi: motsa jiki, allura cikin gaɓa, in abin ya ƙi a sa ta ƙarfe. Na karɓi takardarsa na yi alamar shafi da ita. Ba na so a gyara mini. Haka nake jan ƙafa in hau.

Da la'asar, in gidan ya yi tsit, nakan ji ƙas daga ƙasa. Sai in rufe littafi in ƙirga. Ɗaya, biyu, har bakwai, sai shiru. Ba ta taɓa ƙarasowa.

Safiyar Talatar da ta faɗi, ina matse tawul, ta dafa kafaɗata.

"Malam, ka tabbata kuwa?"

Na ce sarai.

Yanzu nakan fito in tsaya a kan bene, in dubi matakalar, bakina ya motsa. Abin da zan ce bai fi numfashi ɗaya ba: ban sani ba, sa takalminki mu je.