Rigar Da Ba A Sa Wa Sitaci

Tun da Kassim ya kama aikin kashe wutar daji a can yamma, mahaifinsa Malam Tamimu bai sake kallon labarai hankali kwance ba. Yana zaune a layin direbobin tasi na filin jirgin JFK yana jiran fasinja, da zarar ya ga hayaƙi a waya sai ya ƙura ido, ko zai hango ɗansa cikin masu riga ruwan ɗorawa. Ya baro zangon Kumasi ne don yaron ya sami aikin ofis mai sanyi, ga shi yaron ya zaɓi hawan duwatsu da zarto mai inji a kafaɗa.

Cikin watan Agusta Kassim ya zo gida ɗan gajeren hutu. Ya ci tuwon mahaifiyarsa Hasiya, ya kwanta, washegari har hantsi bai motsa ba. Tamimu ya buɗe jakar da ke bakin ƙofa, ya zaro rigar aikin da wandonta. Rigar ta yi baƙi ƙirin, ta sandare da gumi da man zarto, sai warin fetur take yi. Hasiya ta toshe hanci, ta ce ko bakanike ya fi wannan kyan gani.

Tamimu bai tashi yaron ba. Ya sauka ɗakin wanki na ƙasan gidansu a Concourse Village, ya wanke kayan, ya zuba ruwan nan mai sa tufa laushi da ƙamshi. Ya dawo ya tsoma rigar a sitaci kamar yadda yake yi wa babbar rigarsa ta Juma'a, ya goge ta har ta kusa tsayawa da kanta. Hasiya ta shafa mata turare mai maiƙo a wuya da hannuwa. Suka rataye ta a ƙofar ɗakinsa.

Da Kassim ya fito, ya taɓa rigar, ya shinshina. Ya fara magana da Turanci kamar yadda ya saba, da ya dubi fuskar mahaifinsa sai ya koma Hausarsa mai ɗingishi. Ya yi godiya tukuna. Sannan ya ce yadin kansa ba ya cin wuta, amma duk abin da ya zauna a kansa yana ci. Sitaci yana ci, ruwan laushin nan yana barin kitse a zare, turaren kuwa mai ne tsagwaronsa. Garin sabulu da ruwa kawai rigar take so, kuma ita kaɗai a cikin inji.

Tamimu ya nemi kujera ya zauna. Ya dubi hannayensa, ya ga kamar da su ya shirya wa ɗansa makamashi. Da a ce yaron bai yi magana ba ya cusa rigar a jaka, da haka zai shiga wuta. Kassim ya dafa shi, ya ce ba a ɓata komai ba tunda ba a sa bilic mai farar da kaya ba, in aka maimaita wanki duk zai fita.

Can sai Tamimu ya ɗago kai.

"Ka ce duk abin da ya zauna a kanta yana ci."

"E, Baba."

"To, man zarton da fetur ɗin da na tarar fa? Su ruwan Zamzam ne?"

Hasiya ta kau da kai tana danne dariya. Kassim ya sosa ƙeya. Ya amsa cewa gaskiya ne, shugabansu ma kullum faɗan da yake yi ke nan. Sai dai a can, mai riga fes shi ne sabon shiga, shi ake tsokana, shi ake aike ɗebo ruwa. Baƙar riga ce ke nuna an ga jiya. Shi ya sa tun farkon bazara bai bar ruwa ya taɓa ta ba. Da uban ya matsa ko akwai saura, Kassim ya fito da wata rigar daga ƙasan jakar, wadda ta fi ta farko muni.

Tare suka sauka. Tamimu ya tsaya a gaban injin kamar mai gadi, yana kallon kumfa na juyawa, ruwa na fita baƙi. Sai da ya daina jin santsi a yadin da yatsunsa, ƙamshin turaren ya tafi, sannan ya yarda aka shanya. Rigunan suka bushe a cukurkuɗe. Hannunsa ya yi ta ƙaiƙayin ɗaukar dutsen guga, ya daure.

Ranar komawa shi ya kai shi filin jirgi. A hanya Kassim ya ce yanzu sai ya sha tsiya wurin abokan aiki, za su ce Baba ya yi masa wankan suna.

"Su faɗa," in ji Tamimu. "In tsokana kake gudu, kana sauka ka yi birgima a ƙasa. Ƙasa ba ta cin wuta. Amma duk ranar da mai ya zuba mata, ka wanke. Ka ce min to."

Kassim ya gyaɗa kai.

"To, Baba."

Tamimu ya tsaya a bakin ƙofar shiga, ya yi masa addu'a, ya bi jakar da kallo har ta ɓace cikin mutane. Sannan ya juya motar, ya shiga layi.